Yadda ake haɗa wutar sola a Tsaunin Mambila: daga lissafin damina zuwa ƙa'idojin hukuma

A watan Janairu muka ɗora wa gidan yayana sola a wani ƙauye da ke bayan Nguroje. Farantin sola biyu ne da batir biyu, wani mai shago a birni ya yi mana lissafinsu a bayan takardar rasit, ya ce sun ishe mu har da saura. Kuma sun ishe mu, har zuwa ƙarshen Mayu. Da Agusta ya kama, sama ta rufe kwana huɗu ba a ga ƙwayar rana ba, inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, ta fara kuka tun ƙarfe takwas na dare, matar yayana ta koma kunna aci-balbal tana yi wa yara tuwo. Kafin damina ta fita batiran sun sha wahalar da ba su sake komawa daidai ba. Kayan ba na jabu ba ne. Lissafin ne aka yi shi da ranar Kano, aka kawo shi ƙasar da hazo ke kwana a ƙofar ɗaki.

Shi ya sa nake son duk mai niyyar sa sola a Gembu, Maisamari, Kakara, Mayo Ndaga, Dorofi ko wani ƙauye na ƙaramar hukumar Sardauna ya fara da wannan: watan da ya fi kowane duhu shi ake yi wa lissafi. In kayanka sun ɗauke ka a Agusta, sauran watanni kyauta ne.

Abin da tsauni ke bayarwa da abin da yake hanawa

Mafi yawan Mambila tana sama da mita 1,500 daga doron teku, kuma a gefenta ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Wannan tsayin yana da amfani ga sola. Mutane da yawa suna zaton zafi ne ke ba faranti ƙarfi, alhali haske ne, zafi ma rage masa ƙarfi yake yi. Ana auna ƙarfin faranti ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk ɗigo ɗaya da ya ƙaru a kan haka yana cin kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Farantin da ke gasuwa a kan kwano a Sakkwato yana asarar abin da na Gembu ba ya asara. A ranar da gari ya waye tas, iska mai sanyi na kaɗawa, farantinmu na aiki kamar sabo. Ƙurar hunturu ma ba ta kai ta can ƙasa ba.

Abin da tsaunin ke karɓewa shi ne damina mai tsawo, wadda ke farawa wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, da gajimare mai kauri, da hazon da ke cika kwari da safe. Sai tsawa da iska, waɗanda za mu zo kansu. Shekaru ana maganar babbar madatsar Mambila mai megawat 3,050, ƙaramar tashar ruwa ta Tunga mai kilowat 400 kuma tana hidimar kamfanin shayi na Kakara ne da kewayensa. Ga mai gida a ƙauye, sola ce wutar da zai iya kawo wa kansa a bana.

Mataki na farko: ka san ranar wurinka

Kafin ka kashe ko sisi, ka ba wa wurin kwana biyu ko uku kana kallo. Ƙarfe nawa rana ke leƙowa daga bayan tudun gabas ta taɓa rufinka? Ƙarfe nawa tudun yamma ke ɓoye ta? Gida biyu a ƙauye ɗaya na iya bambanta da awa biyu na haske, ɗaya a kan tudu, ɗaya a gindin kwari. Abin da kake nema shi ne wurin da babu inuwa daga ƙarfe tara na safe zuwa uku na yamma.

Ka duba itatuwan zaiti da muka cika shukawa a bakin shinge. Wanda ke daidai kanka yau, nan da shekara uku ya wuce rufi. Inuwar reshe ɗaya a kan kusurwar faranti tana iya ja da ƙarfin layin gaba ɗaya, don ƙwayoyin cikinsa a jere suke kamar tasbaha. Ka bar tazarar da ta kai ninki biyu na tsawon da itacen zai kai, ko ka yi magana da maƙwabci tun yanzu in itacensa ne.

In kana da intanet, akwai shafuka na kyauta da za ka sa wurinka a taswira su nuna maka hasken kowane wata: Global Solar Atlas na Bankin Duniya, da PVGIS na Tarayyar Turai. Ka nemi lambar Yuli da Agusta, ka bar matsakaicin shekara. In babu hali, ni awa uku da rabi na cikakkiyar rana, wato hasken yini duka in an dunƙule shi da ƙarfin tsakar rana, nake ɗauka a lissafin damina a kan tsaunin nan, kuma a gidan da ke cikin kwari ina saukowa zuwa uku.

Mataki na biyu: lissafin abin da za ka kunna

Ka ɗauki biro da takarda, ka zauna da mutanen gidan, musamman uwargida, don ita ta san abin da ake kunnawa in ba ka nan. Kowane abu ka rubuta wat ɗinsa, ka ninka da awannin da yake aiki, ka samu wat-awa, wato wutar da yake ci a yini. Ga misalin gida matsakaici:

Ƙwan fitila 8 masu wat 7, awa 5 kowanne: 280.
Talabijin da dikoda, wat 75, awa 4: 300.
Cajin waya 6: kusan 90.
Kwamfutar cinya, wat 60, awa 3: 180.
Ƙaramin firiji: kusan 700 a yini.

Jimla 1,550. Wuta tana zurarewa a cikin waya da inbata da batir, don haka ka ƙara kusan kashi 30 cikin ɗari, ya zama 2,000. Raba 2,000 da awa 3.5, ka samu wat 570 da ɗoriya. Amma faranti ba ya ba da duk abin da aka rubuta a bayansa, ka ɗauka kashi 80 zai ba ka, sai buƙatarka ta haura wat 700. Faranti biyu masu wat 450 sun rufe wannan, har da ɗan abin da zai cika batir bayan kwanakin duhu. Da za a yi wannan lissafin da awa shida na ranar rani, faranti ɗaya za a ce maka ya isa, kuma irin kuskuren da aka yi mana ke nan.

Ka lura babu fanka a lissafin. Wannan rahama ce ta tsauni. Amma jarabawar mutumin Mambila ita ce abin ɗumama ruwa. Hita ta tsoma wa a bokiti, butar lantarki, dutsen guga, kowannensu na jan wat 1,000 zuwa 2,000. Yaro ɗaya ya ɗumama ruwan wanka na rabin awa da asuba, ya cinye kusan abin da fitilun gidan duka ke ci a dare biyu ko fiye, kuma a lokacin da batir ya fi rauni. A kafa doka a gidan tun ranar farko. Mai son ruwan zafi ya sayi tankin da rana ke ɗumamawa kai tsaye a kan rufi, shi ba ruwansa da batir. Guga kuma a yi ta da tsakar rana mai haske, ko da na gawayi.

Mataki na uku: batir, kwantirola da inbata

Batir ya ɗauke ka kwana biyu ba rana. A misalinmu wat-awa 4,000 ke nan. Batirin ruwa ko na jel ba a son a sha fiye da rabinsa, don haka sai ka sayi guda huɗu masu bolt 12, amfiya 200, waɗanda jimlarsu 9,600 ce, rabinta 4,800. Batirin litiyam kuwa ana shan kashi 80 zuwa 90 ɗinsa, guda ɗaya mai bolt 24, amfiya 200, wato kusan 5,000, ya yi aikin. Ya fi tsada a ranar saye, amma ni shi nake zaɓa wa tsauni saboda dalili ɗaya: abin da ke kashe batirin ruwa shi ne ya yi makonni bai cika ba, kuma haka damina take a nan. Litiyam ba ya damuwa da hakan. Ga kuma nauyi: batirin ruwa mai amfiya 200 yana kai kilo 60, ka yi tunanin hawa da huɗu a kan babur cikin taɓo. Ka ajiye batir a cikin ɗaki busasshe, a kan katako, ba a kan daɓe ba. In na ruwa ne, ɗakin ya kasance mai shan iska, kuma ba ɗakin kwana ba, don yana fitar da iskar da ke kama wuta.

Kwantirola, na'urar da ke daidaita cajin batir daga faranti, ka sayi irin da ake kira MPPT, ita ce ke tatso abin da ya samu a ranar gajimare. A nan akwai tarkon da sanyi ke ɗanawa, wanda masu haɗi da suka saba da ƙasar zafi ba sa tunawa. Sanyi yana ɗaga bolt ɗin faranti. Faranti mai wat 450 yana ba da kusan bolt 49 ko 50 in ba a ɗora masa komai ba. Ka jera biyu, kana bakin 100. Da sanyin safiyar Disamba, rana ta fito tas a kan faranti mai sanyi, lambar na iya haurawa 103 ko 104. In kwantirolarka iyakarta 100, ta ƙone ke nan, kuma babu mai shagon da zai karɓa. Ka sayi mai ɗaukar bolt 150, amfiya 40.

Inbata mai kVA 1.5 zuwa 2 ta isa wannan gidan, amma ta kasance mai tsabtatacciyar wuta irin wadda firiji ke so, don injin firiji yana fizgar wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi. Kada ka sayi ƙatuwa don ado: inbata tana cin wuta ko ba a kunna komai ba, babba kuma ta fi ci.

Mataki na huɗu: saye da hawa da kaya

A shago ka karanta takardar da ke manne a bayan faranti, ka sa a fito da shi rana a auna maka bolt da amfiya da mita a gabanka. Faranti ƙarami da aka rubuta wa wat mai yawa ƙarya ce, girman jiki da ƙarfi tare suke tafiya. Kayan lantarkin da ake shigowa da su ƙasar nan suna ƙarƙashin tantancewar hukumar SON mai kula da ingancin kaya, ka tambayi shaidar hakan, ka karɓi rasit mai lambar kowane kaya da takardar garanti. Araha ba ta ado, balle a wurin da mayar da kaya ke cin tafiyar yini guda.

Hanyar hawa daga Mayo Selbe ta fasa faranti da yawa. A tsaye ake ɗaukarsu, a gefensu, da katifa ko kwali tsakani, a ɗaure tam. Kada a kwantar da su a ɗora buhu a kai. Tsagewar cikin ƙwayar faranti ba a ganinta da ido, sai bayan wata shida ka ga ƙarfi ya ragu. In ƙauyenku sai tsohuwar Land Rover ko babur ke shiga, ka yi jigilar tun rani, ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyar: abin da doka ta ce

Dokar Lantarki ta 2023 ba ta neman lasisi daga wanda zai samar da wutar da ba ta wuce megawat ɗaya ba a wuri guda. Solar gida, shago, masallaci, coci ko makaranta duk suna ƙasa da haka nesa ba kusa ba, don haka ba ka buƙatar zuwa Abuja neman izini don ɗora faranti a rufinka. Abin da doka ta damu da shi shi ne wanda ya yi haɗin da ingancin aikin. Hukumar NEMSA ce ke ba masu haɗa wuta takardar ƙwarewa, ita ce kuma ke da ikon duba aiki. Ka nemi mai haɗin ya nuna maka tasa. Ba cin fuska ba ne, gidanka da iyalinka ne za su kwana da wayoyin.

Magana tana sauyawa in za ka ja waya zuwa gidajen mutane kana karɓar kuɗi. Wannan ya zama ƙaramar tashar rarraba wuta, kuma hukumar NERC mai tsara harkar lantarki ta ƙasa tana da ƙa'idoji a kai, na 2016 da aka sabunta a 2023. A ƙa'idojin 2023, tashar da ba ta haɗe da layin ƙasa, in abin da take rarrabawa bai wuce kilowat 100 ba, ana iya yi mata rajista kawai, in ya wuce sai da takardar izini, har zuwa megawat ɗaya. Ana buƙatar yarjejeniya a rubuce da al'ummar garin, kuma NEMSA ta duba kafin a kunna. Dokar 2023 ta kuma ba jihohi damar tsara kasuwar lantarkinsu, saboda haka mai irin wannan shiri ya leƙa ma'aikatar da ke kula da lantarki a Jalingo kafin ya zuba kuɗi. Hukumar REA ita ce ke tallafa wa ayyukan wutar karkara, ƙungiyar gari na iya tuntuɓarta. In kuwa kana garin da layin kamfanin rarraba wuta na Yola ya iso, ba a tura wutar sola cikin layinsu ba tare da amincewarsu ba. A sa makunnin sauya layi, wanda zai raba solarka da layin waje ko janareta. Rashin sa shi na iya kashe ma'aikacin da ya hau turke yana zaton babu wuta.

Sai maganar ƙasa, wadda duk ɗan Mambila ya san ba abin wasa ba ce. In a rufinka ne, babu magana. In gidan haya ne, a rubuta da mai gida cewa kayan naka ne, za ka tafi da su, za ka toshe hujin kwano. In fili za ka killace don jera faranti, kamar na famfon burtsatse ko tashar gari, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙaramar hukuma wajen ba da takardar mallaka ta gargajiya, na cikin birni kuma a hannun gwamna. Ka fara da mai unguwa ko jauro, ka je wurin dagaci da hakimi, sannan sashen filaye na ƙaramar hukuma a Gembu. Ka tabbata filin bai tare burtali ko hanyar mashaya ba, a kira arɗo da masu gonakin da ke iyaka su shaida. Zaman wuni ɗaya a kan tabarma ya fi shekara ana kai ƙara.

Mataki na shida: ɗora faranti

An saba cewa faranti ya kalli kudu, kuma haka ne, amma akwai abin lura. Gembu tana kusan digiri 7 ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu. Daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba, rana da tsaka tana ratsawa ta arewacin kanmu ne. Wanda ya jingina farantinsa sosai yana kallon kudu ya juya wa rana baya a daidai watannin da ya fi buƙatarta. Karkata ta digiri 10 zuwa 15 ta wadatar: ruwan sama zai gangara ya wanke datti, ba ka kuma yi asarar hasken damina ba. Rufinmu yakan yi tsini saboda yawan ruwa, don haka sau da yawa sai an yi wa farantin ƙafafun ƙarfe don a rage karkatar, ko a kafa masa turaku a tsakar gida. Kada a kwantar da shi shimfiɗe, ruwa zai kwanta a gefensa ya haifar da gansakuka.

Ka hau ka duba azara kafin komai. In gara ta ci ta ko ta ruɓe, a canza. Ƙarfen da ke riƙe faranti a jikin azara ake ɗaure shi da noti, ba a jikin kwano da ƙusa ko wayar ɗauri ba. Iskar farkon damina a kan tudu tana shiga ƙarƙashin faranti ta ɗaga shi kamar faifai, wani lokaci ta tafi da kwanon ma. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kwano, a nisanta shi daga bakin rufi da ƙololuwa inda iska ta fi bugawa, a toshe kowane huji da roba da gam. Ƙarfen ya zama alminiyam ko wanda aka yi wa rufin hana tsatsa.

Mataki na bakwai: waya, fis da tsawa

Daga faranti zuwa kwantirola a sa wayar sola ta ainihi mai kaurin murabba'in milimita 4 ko 6, wadda ke jure rana da ruwa, a cikin bututu. Daga batir zuwa inbata a sa mai kaurin 25 ko 35, gajera, don a bolt 24 inbatar da ke aiki da ƙarfinta tana jan amfiya sama da 80. Siririyar waya a nan gobara ce. A sa fis dab da batir, da makunnin yankewa tsakanin faranti da kwantirola, kuma su kasance waɗanda aka yi don wutar batir, na wutar gida ba sa kashe tartsatsinta.

Jerin haɗi yana da muhimmanci: batir ake fara haɗawa da kwantirola, sannan faranti. In za a kwance, faranti ake fara cirewa.

Kada ka yarda a tsallake kariyar tsawa, ko da za ka rage wani abu don ka biya ta. Gida a kan tudu, da ƙarfe a kan rufi, da waya mai saukowa cikin ɗaki, ya zama abin da aradu ke nema. Ba sai ta faɗo a kan gidan ba, ta faɗi a kan itacen da ke nesa kaɗan ma wutar na bin waya ta ƙone inbata. A haɗa firam ɗin faranti, ƙafafunsa da jikin inbata da waya mai kauri zuwa sandar tagulla da aka kafa a ƙasa, mai tsawon aƙalla mita ɗaya da rabi. Inda dutse ya hana ta nutsewa, a kafa biyu ko uku a wuri mai damshi a haɗe su. A sa na'urar tare fizgar wuta a ɓangaren faranti da kuma ɓangaren wutar gida. In hadari ya haɗo da walƙiya mai yawa, ka kashe makunnin faranti har ya wuce.

Ranar da aka gama, kada mai haɗi ya tafi sai ya nuna wa mutum biyu a gidan inda ake kashe komai, ya zana muku yadda wayoyin suka bi a takarda, ya saita iyakar da inbata za ta yanke wuta kafin batir ya ƙare ƙaf.

Bayan an kunna

Da rani a wanke faranti duk mako biyu da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe kafin ya yi zafi. Da damina sama ce ke wankewa, kai dai ka duba kashin tsuntsu da ganyen zaiti da ke maƙalewa a gefe. Kafin ruwan farko ka hau ka ƙara ɗaure notuna, ka duba ko ɓera ya ci waya, ka sare rassan da suka miƙo. Batirin ruwa a duba shi duk wata, a ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na rijiya ba.

A gidan yayana yanzu akwai ɗan littafi rataye a ƙusa kusa da inbata. Babbar 'yarsa ce ke rubuta lambar batir sau biyu a rana, da asuba da kuma bayan la'asar. In ta ga kwana biyu a jere bai kai kashi 70 ba da yamma, ta san abin yi ba sai ta tambayi kowa ba: a kashe firiji da dare, a rage talabijin zuwa labarai, a bar fitilu da cajin waya har rana ta dawo.